Hankalin da Ya Ƙi Kwanciya: Fashin Baƙi a Kan Yoga da Zaman Nutsuwa

A babi na shida na Bhagavad Gita, ɗaya daga cikin manyan littattafan addinin Hindu, akwai inda jarumi Arjuna ya tari numfashin malaminsa Krishna da wani ƙorafi wanda duk mai rai zai gane shi. Krishna ya gama siffanta masa mutumin da hankalinsa ya tsaya cak, kamar harshen fitilar da aka ajiye a inda iska ba ta kaɗawa, sai Arjuna ya ce shi bai ga yadda irin wannan hali zai ɗore ba, domin zuciya aba ce mai rawar kai, mai tayar da ƙura, ga ƙarfi ga taurin kai, kuma a ganinsa riƙe ta bai fi riƙe iska sauƙi ba. Krishna bai musa masa ba. Ya ce lallai abin da wuya, amma ana shawo kanta da abubuwa biyu, wato naci a kan horo da kuma sakin abin da rai ke kwaɗayi. Mafi yawan abin da masanan Indiya suka rubuta a kan horar da zuciya ana iya karanta shi a matsayin sharhin wannan gajeriyar amsa.

Harshen Hausa ya riga ya zana hoton matsalar tun kafin a zo maganar magani. Muna cewa hankalin mutum ya tashi, muna kuma cewa ya kwanta, tamkar dai ƙura ce ko lakar da ke cikin ruwa. Idan dare ya tsala mutum na kwance ido biyu, muna cewa yana saƙa da warwara, wato yana aikin da ba ya ƙarewa kuma ba ya haifar da zane. Wannan hali shi ne abin da yoga ta asali ta sa a gaba, kuma yawansa ya wuce yadda ake zato. A shekarar 2010 wasu masana biyu na Jami'ar Harvard da ke Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun riƙa aika wa mutane 2,250 tambaya ta waya a lokuta daban-daban na yini, suna tambayarsu abin da suke yi, da abin da suke tunani, da yadda suke ji a ransu. Sun gano cewa a kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan, hankalin mutanen yana wani wuri dabam da abin da ke gabansu, kuma a irin waɗannan lokuta sun fi bayar da rahoton rashin jin daɗi. Ko waɗanda hankalinsu ya tafi ga abu mai daɗi ba su fi waɗanda suka tsaya a kan aikinsu farin ciki ba.

Littafin da ya zama ginshiƙin wannan fanni shi ne Yoga Sutra na wani masanin Indiya mai suna Patanjali, wanda aka tattara da Sanskrit, tsohon harshen ilimi na Indiya, a ƙarnonin farko na Miladiyya. Ɗan ƙaramin littafi ne mai babi huɗu da gajerun jimloli 195 ko 196, gwargwadon kwafin da aka bi, an tsara su ne domin a haddace, sannan malami ya warware wa ɗalibi, kamar yadda aka saba da matani da sharhi a karatun zaure. Jimla ta biyu ita ce ta bayar da ma'anar yoga, kuma babu maganar lanƙwasa jiki a cikinta. Ta ce yoga ita ce tsayar da jujjuyawar zuciya. Kalmar da aka yi amfani da ita ga zuciya ita ce citta, wadda ta haɗa hankali da tunani da ji da ajiyar abubuwan da suka wuce, kalmar jujjuyawa kuwa ita ce vritti, mai ma'anar kewayawa, irin ta ruwa idan ya yi gurbi yana juyawa.

Abin lura shi ne yadda Patanjali ya kasa wannan jujjuyawa gida biyar: sani na gaskiya, da kuskure, da ƙage-ƙagen da kalmomi ke haifarwa alhali babu abin a zahiri, da barci, da tuna baya. Mai karatu zai yi mamakin ganin sani na gaskiya a cikin jerin, domin mun saba ɗauka cewa mugun tunani ne kawai ke hana sukuni. Amma wanda ya kwana yana lissafin bashin da ake binsa, ai lissafinsa daidai ne, kuma daidaiton bai sa ya runtsa ba. Kashi na uku kuma shi ne ya fi cin mutane a yau, domin a nan ne ake gina amsar da za a ba wa wanda ya yi maka baƙar magana makon jiya, da hatsarin da bai faru ba, da abin da mutane za su ce. Babban sharhin littafin, wanda ake jingina wa Vyasa, ya ƙara da cewa zuciya tana da halaye biyar: warwatsattsiya, da dusasshiya, da mai tsayawa jefi-jefi sannan ta kuɓuce, da mai fuskantar abu ɗaya, da wadda ta tsaya gaba ɗaya. A ganina akasarin masu neman sauƙi a yau suna tsakanin hali na farko da na uku, kuma wanda ya samu ya matsa daga warwatsuwa zuwa tsayawa jefi-jefi ya riga ya samu abu mai yawa, ko da bai taɓa leƙa matakan sama ba.

Kuskuren da ya fi yawa ga masu farawa shi ne ɗaukar kalmar tsayarwa da ma'anar danniya, sai mutum ya zauna ya rufe ido ya ƙuduri aniyar korar duk wani tunani da ƙarfin tsiya, bayan minti uku kuma ya tashi yana cewa shi ba zai iya ba. Masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya nuna dalilin wannan a 1987, lokacin da ya umarci wasu mutane su yi minti biyar ba tare da sun tuna da farar dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara da ake kira beya ba, su kuma kaɗa ƙararrawa duk lokacin da ta faɗo musu a rai. Ƙararrawa ta yi ta ƙara, kuma da aka ɗage haramcin sai tunanin ya dawo musu fiye da na waɗanda ba a taɓa hana su ba. Dalilin a fili yake, domin kafin ka tabbatar ba ka tuna abu, sai wani sashe na hankalinka ya tsaya yana gadinsa, gadin kuwa tunawa ne. Wanda ya ɗebo ruwan kududdufi ya zuba a randa ya san ba a danna laka ƙasa da hannu, duk sa hannu ƙarin damawa ne, ajiye randar ake yi a bar ta.

To amma barin ma ba abu ne mai sauƙi ba. A 2014 Timothy Wilson da abokan aikinsa a Jami'ar Virginia sun bar mutane su kaɗai a ɗaki na minti goma sha biyar, babu waya babu littafi, sai wani maɓalli da ke ba da ɗan jan lantarki mai zafi, wanda tun farko mutanen suka ce za su iya biyan kuɗi domin kada a sake ɗana musu shi. Maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun danna maɓallin da kansu. Zama da kai, ashe, abu ne da mutane da yawa ke gudu har su gwammace zafi a kansa, kuma wannan ya sa nake ganin bai kamata a riƙa tallata zaman nutsuwa a matsayin hutu mai daɗi ba, domin makonnin farko sun fi kama da aiki.

Abubuwa biyun da Krishna ya ambata su ne Patanjali ma ya kawo, abhyasa da vairagya. Na farko shi ne maimaita ƙoƙarin tsayawa, na biyu shi ne rashin ƙishirwar abin da aka gani ko aka ji labarinsa. Gita ta fassara na farkon a aikace cikin baiti guda, inda ta ce duk inda zuciya mai yawo ta nufa, a juyo da ita daga can a dawo da ita. Wannan dawowa ita ce aikin gaba ɗayansa. Mutum ya sa hankalinsa a kan numfashi, bayan daƙiƙa kaɗan ya tsinci kansa a kasuwa ko a gidan surukai, ya lura ya tafi, ya dawo ba tare da ya tsaya zagin kansa ba, sannan ya sake tafiya ya sake dawowa. Wanda ya dawo sau ɗari a zama ɗaya bai faɗi sau ɗari ba, ya yi horon ne sau ɗari. Saboda haka fassarar da ake yawan yi wa wannan aiki da zuzzurfan tunani takan ɓatar da mai karatu, domin a Hausa wanda ya yi zurfi cikin tunani shi ne ainihin wanda ya nutse cikin saƙe-saƙensa har sai an taɓa shi. Tattara hankali ko zaman nutsuwa sun fi kusa da abin da ake nufi.

Patanjali ya shimfiɗa hanyar a gaɓoɓi takwas, kuma jerin nasu yana da ma'ana. Gaɓa ta farko ita ce kamewa ta fuskar mu'amala da mutane: rashin cutarwa, da faɗin gaskiya, da barin sata, da tsare sha'awa, da barin tara abin da ba a buƙata. Ta biyu ita ce ɗabi'un mutum da kansa: tsafta, da wadatar zuci, da juriya, da karatu, da miƙa wuya ga Ubangiji kamar yadda littafin ya fahimce shi. Sai bayan waɗannan aka kawo zama, sannan numfashi, sannan janye gaɓoɓin ji daga waje, sannan tsayar da hankali a wuri ɗaya, sannan ɗorewar wannan tsayuwa, sannan nutsewar da ake kira samadhi. Masu koyar da yoga na zamani sukan tsallake biyun farko da sauri, ni kuwa ina ganin a nan ne hikimar ta fi kauri. Wanda ya yi ƙarya da safe dole ya riƙe labari biyu a kansa har dare, wanda ya ci amanar abokin ciniki yana sauraron kowace sallama da faɗuwar gaba, wanda kuma ya tara abin da ya fi ƙarfinsa ya zama mai gadin dukiyarsa. Irin wannan tashin hankali mutum ne ke ƙera shi da hannunsa da rana, kuma zaman minti ashirin da yamma ba zai share shi ba muddin masana'antar tana aiki.

Akwai wata jimla a babin farko na Yoga Sutra da ta ƙara fito da wannan. Ta ce zuciya tana washewa idan mutum ya horar da kansa a kan halaye huɗu game da mutane iri huɗu: ƙauna ga wanda ke cikin jin daɗi, tausayi ga wanda ke cikin wahala, murna da mai aikin kirki, da kuma kame rai game da mai aikin assha. Duk wanda ya duba abin da ke cin ransa da dare zai tarar yawancinsa mutane ne, kuma yawancin zafin yana zuwa ne daga kishiyoyin waɗannan huɗu, wato hassada ga wanda ya samu, da ƙyamar wanda ya rasa, da neman aibin na kirki, da tafasa a kan mugu. Na ƙarshen ba ya nufin a yarda da zalunci, yana nufin kada azzalumi ya ƙwace dukiyarka sannan ya ƙara da zama a cikin kanka kyauta. Wannan nasiha ta yi daidai da zamanin da mutum ke buɗe Facebook ko TikTok yana ganin dukkan mutanen nan huɗu cikin minti ɗaya.

Game da asana, wato yanayin zaman jiki, wanda a yau shi ne fuskar yoga a duniya, Patanjali bai ba shi fiye da jimloli uku ba, kuma sharaɗinsa shi ne zaman ya kasance tabbatacce mai daɗi. Manufar ita ce jiki ya daina kiran hankali. Faɗaɗa motsa jiki ya zo ne daga baya ta hanyar reshen da ake kira hatha, wanda sanannen littafinsa Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya siffanta asana goma sha biyar kacal. Salon da ake gani yanzu, mai jerin motsi ɗaya bayan ɗaya, ya samu siffarsa ne a ƙarni na 20, musamman a hannun Krishnamacharya da ya koyar a garin Mysore na Indiya a shekarun 1930 ƙarƙashin kulawar sarkin garin, da ɗalibansa irin su B.K.S. Iyengar da Pattabhi Jois da Indra Devi waɗanda suka yaɗa shi a ƙasashen Yamma. Kafin su, wani malamin addinin Hindu mai suna Swami Vivekananda ya riga ya buɗe ƙofa da jawabinsa a Chicago a 1893 da littafinsa Raja Yoga na 1896, inda ya kwatanta zuciya da birin da aka ba giya sannan kunama ta harbe shi. A Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya bisa shawarar Indiya. Duk da haka bai kamata a raina motsa jikin ba, domin mai damuwa yana ɗauke da ita a wuya da kafaɗu da muƙamuƙi, kuma mutumin da ba zai iya zama shiru na minti biyu ba sau da yawa yana iya tsayar da hankalinsa a kan ƙafar da yake ƙoƙarin tsayawa a kanta.

Numfashi ne wurin da tsohon ilimi da binciken likitanci suka fi haɗuwa, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Hatha Yoga Pradipika ya ce idan numfashi na motsi zuciya na motsi, idan ya natsu ita ma ta natsu, Patanjali kuma ya lissafa hargitsewar numfashi cikin alamomin warwatsewar hankali, tare da baƙin ciki da karyewar gwiwa da rawar jiki. A cikin hanyoyin da ya bayar na washe zuciya akwai fitar da numfashi da ɗan dakatawa bayansa. Likitoci sun san cewa ayyukan jiki da ba mu da iko a kansu, irin su bugun zuciya da narkar da abinci da zufa, wani tsarin jijiyoyi ne mai ɓangare biyu ke tafiyar da su, ɗaya yana shirya jiki domin faɗa ko gudu, ɗayan yana mayar da shi ga hutu. Mutum ba zai iya umartar zuciyarsa ta rage bugu ba, amma numfashi ya bambanta, domin yana tafiya da kansa kuma ana iya karɓar linzaminsa. Duk lokacin da aka ja iska bugun zuciya yakan ɗan ƙaru, idan aka fitar kuma ya ragu, ta hanyar wata doguwar jijiya da ake kira bagus wadda ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya da ƙirji har ciki. Wanda ya tsawaita fitar da numfashi fiye da jansa yana ba ɓangaren hutu ƙarin lokaci ne a kowane zagaye.

Baligi a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, kuma an lura cewa idan aka sauko da shi zuwa wajen sau shida, bugun zuciya da hawan jini da numfashi sukan shiga kiɗa ɗaya. Wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, ya buga wani bincike a 2001 inda ya nuna cewa karanta addu'ar carbin Katolika da harshen Latin da kuma maimaita wani kirarin yoga duk sun sauko da numfashin masu yi zuwa kusan sau shida a minti, ba tare da an umarce su ba. Wannan ya nuna cewa wani kaso na amfanin yana cikin halittar jikin ɗan Adam, ba mallakar wata al'umma ba ne. Sai dai ba kowane atisayen numfashi ne mai kwantar da hankali ba. Akwai nau'o'in da ake yi da sauri da ƙarfi, da masu dogon riƙe iska, waɗanda kan jawo jiri da faɗuwar gaba, kuma tsofaffin littattafan da kansu sun yi kashedi cewa numfashi kamar zaki ne da ake horarwa sannu a hankali, wanda ya yi gaggawa zai cutu. Mai juna biyu da mai hawan jini da mai ciwon zuciya ko farfaɗiya su nisanci waɗannan nau'o'i sai da shawarar likita.

Daga nan sai janye gaɓoɓin ji. Wani tsohon littafi, Katha Upanishad, ya kwatanta jiki da keken doki, gaɓoɓin ji su ne dawakai, zuciya ita ce linzami, basira kuma ita ce mai tuƙi, kuma idan linzami ya saki dawakai ne ke zaɓar hanya. A aikace wannan mataki ya ƙunshi rage abin da ke shigowa, wato wuri mai shiru, lokaci tsayayye, ido a rufe ko a sunkuye, waya kuma a wani ɗaki. Sannan a zaɓi abu ɗaya a ɗaure hankali a kansa, wanda ake kira dharana, idan kuma hankalin ya riƙa gudana zuwa ga abin ba tare da yankewa ba ya zama dhyana, wadda masu sharhi ke kwatantawa da zubar mai daga wani mazubi zuwa wani, saɓanin ɗigar ruwa. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun samu abin da ya yi kama da wannan. A 2001 Marcus Raichle na Jami'ar Washington da ke St. Louis ya siffanta wasu sassan ƙwaƙwalwa da ke ƙara aiki tare idan mutum ya zauna ba ya yin komai, waɗanda aka danganta da tunanin kai da tuna baya da hasashen gaba. Bayan shekara goma Judson Brewer da abokansa a Jami'ar Yale sun nuna cewa waɗannan sassa sun fi lafawa a ƙwaƙwalwar mutanen da suka daɗe suna zaman nutsuwa, kodayake mutanen da aka auna kaɗan ne.

Shigar abin asibiti ya fara ne da Herbert Benson, likitan zuciya a Harvard, wanda a 1975 ya wallafa littafi a kan yadda maimaita kalma ɗaya cikin natsuwa ke rage bugun zuciya da yawan iskar da jiki ke ƙonawa, sai kuma Jon Kabat-Zinn da ya kafa wani shiri na mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts a 1979, inda ya haɗa zaman lura na mabiya Buddha da motsin yoga mai sauƙi, ya cire musu rigar addini. A 2014 Madhav Goyal da abokansa na Jami'ar Johns Hopkins sun tace gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutane 3,515, suka samu hujja matsakaiciya cewa irin wannan horo yana rage fargaba da ciwon damuwa da raɗaɗin ciwo, amma ba su samu hujjar cewa ya fi magani ko motsa jiki ba. A 2022 Elizabeth Hoge ta Jami'ar Georgetown ta gwada shirin mako takwas ɗin da wani sanannen maganin fargaba a kan manya 276, sakamakon ya zo kusan kunnen doki. A wannan shekarar ce kuma wani babban gwaji a makarantun Birtaniya, mai ɗalibai sama da 8,000, ya nuna cewa koyar da yara wannan horo a aji bai inganta lafiyar tunaninsu fiye da darussan da aka saba ba, kuma yawancinsu ba su riƙa yi a gida ba. Idan aka haɗa waɗannan, hoton da ya fito shi ne na abu mai amfani na gaske amma matsakaici, wanda ke aiki ga wanda ya zaɓe shi da kansa ya kuma juri yinsa, domin shirin da aka gwada da magani ya buƙaci minti 45 a kullum ban da darasin mako-mako.

Akwai kuma ɓangaren da masu talla ba sa son ambata. Willoughby Britton da Jared Lindahl na Jami'ar Brown sun tattara bayanan mutanen da zaman nutsuwa ya jefa cikin tsoro, ko rashin barci, ko jin kamar sun rabu da jikinsu, ko dawowar tsohon tashin hankalin da suka taɓa gani. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a cikinmu akwai waɗanda suka tsira daga hannun 'yan bindiga ko suka ga abin da baki ba zai iya faɗa ba, kuma ce wa irin wannan mutum ya rufe ido ya zauna shiru shi kaɗai na iya zama buɗe masa ƙofar da ya daɗe yana tokarewa. Wanda baƙin ciki ya hana shi ci da barci na makonni, ko yake jin muryoyi, ko tunanin halaka kansa ke zuwar masa, likita yake buƙata, kuma kada ya ajiye maganin da aka rubuta masa saboda ya fara atisayen numfashi.

Saura tambayar da na san tana ran mai karatu tun daga sakin layi na farko, wato matsayin wannan abu ga Musulmi ko Kirista. Gaskiya ita ce yoga ta Patanjali ba motsa jiki ba ce kawai, tana tsaye a kan wata aƙida da ke cewa ruhi ya cakuɗe da duniyar halitta kuma yana ta sake haihuwa, burinta na ƙarshe kuma shi ne ruhin ya ware ya kuɓuta, tana kuma umarni da maimaita sautin Om a matsayin alamar abin bauta. Wanda ya ce babu addini a ciki bai yi wa Indiyawa adalci ba, bai kuma yi wa mai tambaya adalci ba. Malaman Musulunci sun daɗe da sanin littafin Patanjali, domin Abu Raihan al-Biruni ya fassara shi zuwa Larabci tun farkon ƙarni na 11, ya karanta shi da idon mai bincike ba tare da ya bar addininsa ba. A zamaninmu majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008 saboda abubuwan ibadar Hindu da ke cikinta, majalisar malaman Indonesiya kuma a 2009 ta haramta wadda ta ƙunshi kirari da ibada ta kuma bar wadda motsa jiki ce zalla, Saudiyya kuwa ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Fadar Vatican ma ta fitar da wasiƙar jan hankali a 1989 game da cakuɗa addu'ar Kirista da hanyoyin Gabas.

Abin da waɗannan matsayai suka yi tarayya a kai shi ne rarrabewa tsakanin aƙida da dabara, kuma ina ganin rarrabewar tana yiwuwa ga mai gaskiya da kansa. Miƙa jijiyar baya, da sassauta numfashi, da lura da cewa hankali ya tafi a dawo da shi, babu ɗayansu da ke buƙatar kiran sunan wani abin bauta, amma kirari, da yin jerin motsin yoga da ake kira gaisuwar rana da niyyar girmamawa, suna buƙatar mutum ya san abin da yake faɗa, ya kuma tambayi malamin da ya yarda da iliminsa. Musulmin da ya karanta Ahalari ya san cewa natsuwa a ruku'u da sujada tana cikin farillan salla, ya kuma san yadda zuciya ke tsere wa mai salla tun daga kabbarar farko, har ya rasa raka'a nawa ya yi. Salla ibada ce mai zaman kanta, kuskure ne a kira ta yoga kamar yadda wasu ke yi da nufin yabo, sai dai birin da Vivekananda ya siffanta shi ne dai yake bin kowa har kan darduma.

Patanjali ya gindaya wa horon sharuɗɗa uku kafin ya kafu, wato a daɗe ana yi, kada a riƙa yankewa, kuma a yi shi da muhimmantawa. Gita ta ƙara da cewa yoga ba ta mai cin abinci fiye da kima ba ce, ba kuma ta mai ƙin ci ba, haka nan ba ta mai yawan barci ko mai hana kansa barci ba, wanda ke nuna cewa mai shan shayi mai kauri da tsakar dare yana latsa waya ya fara gyara daga can. Sannan Patanjali ya lissafa cikas tara da mai wannan tafiya zai tarar, ya fara da rashin lafiya, ya bi da kasala da shakka da sakaci da lalaci da bin sha'awa da ruɗuwa da kasa kaiwa ga mataki, ya rufe da wanda ya fi karya gwiwa, wato mutum ya kai ga wani mataki na natsuwa sannan ya zame ya koma inda ya fito. Maganin da ya rubuta wa duka taran guda ɗaya ne, shi ne a zaɓi abu ɗaya a ci gaba da horo a kansa, kada a riƙa sauya hanya duk lokacin da ta yi nauyi.